Ɓarawon Yashi a Riyad

Cikin duk abin da mutum zai sata a birnin Riyad, ban taɓa zaton yashi zai shiga lissafi ba. Garin da in ka bar taga a buɗe ka tafi kasuwa, kafin ka dawo yashi ya kawo maka ziyara har kan gado, kyauta. Amma ranar walimar bankwana da Injiniya Sambo, da maza suka dawo daga masallacin Juma'a, abin da aka tarar an ɗauke ke nan: yashi, a cikin ɗan ƙaramin buhun shinkafar basmati.

Bari in yi bayani, kada a ce duk mun zautu. Injiniya Sambo ya daɗe yana aikin ruwa a wani kamfani a nan, har furfura ta cika masa gemu. Kwantiraginsa ya ƙare, an buga masa huruj, wato fitar da ba dawowa. Mutum ne mai hankali a komai, ban da abu ɗaya. Yana da wata na'ura mai dogon hannu da ke kuka in ta ji ƙarfe a ƙasa, da wani koren faranti na wanke yashi, kuma burinsa a duniya ya yi ritaya a gindin dutse, kusa da rafi, ya riƙa fita da hantsi yana neman ƙwayar zinare. Ba don ya sayar ba. Shi dai ya ga ɗigon rawaya a gindin faranti, hankalinsa ya kwanta. A nan Riyad kuwa ba ya kai na'urar sahara, don kada hukuma ta tambaye shi takardar izini, saboda haka abin da ta taɓa tono masa bai wuce marfin kwalba da 'yan kunnen matanmu da ke faɗuwa wajen biki ba.

Duk hutun da ya je gida, maimakon ya zauna a gaisa, sai ya hau mota neman dutsen da zai zauna. Mambila ta yi masa kyau, amma ta yi nisa da babban asibiti. Wuraren da suka yi suna da zinare, ba a barci da ido biyu a rufe a can. Wani wurin akwai rafi babu hanya, wani akwai hanya rafin ya ƙafe tun kaka. Daga ƙarshe ya faɗa wani ƙauye, Kwarin Maje, cikin duwatsun da ke tsakanin Jos da Bauchi. Ga ruwa rani da damina, ga masallaci, ga ɗan asibiti, mai gari kuma ya ce in dai wasa da faranti ne ba haƙa rami ba, bisimilla. Daga rafin can ya ɗebo yashin nan, ya sako shi a jaka a gurbin kilishi da daddawar da matarsa ta aike shi. An ce ma'aikacin filin jirgin da ya buɗe jakar sai da ya kira abokan aikinsa su zo su ga mutumin da ya kawo wa Saudiyya yashi.

Matarsa, Hajiya Rekiya, babbar nas ce a asibitin da nake aiki, a hannunta ma na koyi rabin abin da na sani. Ita Zariya take so, kusa da 'yan'uwanta da jikokinta. Ya rantse mata ya ga zinare a rafin da idonsa, ta ce ita ma ta ga marafan kwalabe da idonta. Suka yi ta ja, har suka yanke magana a gaban mutane: ranar walima za a wanke yashin a bainar jama'a. In aka ga zinare, ko ƙwaya ɗaya ce, ta bi shi dutse. In ba a gani ba, ya bi ta Zariya, ya rataye na'urar. Mu kuwa muka yi ta ɗokin ranar kamar yara da jajibirin salla.

* * *

Istiraha muka kama a bayan unguwar Shifa, irin gidajen shaƙatawar nan da ake haya na yini, ɓangaren maza daban na mata daban, da katanga da ƙofa a tsakani. Tun da safe Injiniya ya jera kayansa a gindin wata kurna kusa da famfo, a filin maza. Da maza suka tafi masallaci, gidan ya zama namu, muka yi ta kai da kawo yadda muke so. Da suka dawo, ga na'ura, ga faranti, babu buhu.

Ba wanda ya kawo maganar 'yan sanda. Na farko, ba mai son a fara tambayar iƙamar kowa, wato takardar izinin zama, ranar walima. Na biyu, wa zai iya tsayawa gaban ɗan sandan Riyad ya ce an sace masa yashi? Sai aka koma kallon juna, kuma ba sai na faɗa ba, kowa ya san wanda ɓatan buhun nan zai yi wa daɗi.

Injiniya ya zo bakin ƙofar mata, ya sa aka kira matarsa. A hankali ya yi maganar, amma ƙofar labule ce kawai, duk muka ji.

"Hajiya, in wasa ne, ya isa haka. A fito da shi."

Ta dube shi ido cikin ido ta amsa.

"Alhaji, in har zuciyarka ta yarda zan iya yi maka wannan, to ka tafi dutsenka, in tafi Zariyata. Ba sai an wanke komai ba."

Ta saki labulen ta koma ta zauna. Tunda na san mutanen nan ban taɓa jin sun ɗaga wa juna murya ba, kuma na san Hajiya Rekiya ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba. Dafadukar kabsa tana ta ƙamshi a tukunya, ba wanda ya sake tunawa da ita.

A nan ne aka tuna da mijina. Malam Salissou mutumin arewacin Tawa ne, a Nijar, yana karatun digirin ƙarshe a ilimin hadisi. Kafin ya san allo, ya san sawu, don mahaifinsa shi ake kira in raƙumi ya ɓace, shi kuma yana biye da shi. Yakan ce ai sana'ar ɗaya ce, a hadisi ma wa ya karɓa daga wa ake bi. A gida yana iya duban kafet ya faɗi wanda ya je firij. Amma kada ku ɗauka wani gwani ne a komai, mutumin da kullum ni ke nemo masa tabaraunsa, sau da yawa a saman goshinsa.

Ya naɗe hannun riga, ya roƙi maza su ja da baya, su daina tattake masa littafi. Ya ce ni kuma in tsaya kusa, don sawu ba ya sanin katanga, shi kuwa ba zai shiga wajen mata ba.

* * *

Ya tsuguna a gindin kurna, ya kwantar da kai yana kallon ƙasa ta gefen da rana take. Ya daɗe a haka har na fara jin kunya. Da ya miƙe ya ce, ban da mai kayan, mutum uku suka zo wurin: namiji mai rufaffen takalmi, mace mai takalmin asibiti, sai wani ko wata cikin silifas. Ya kuma ce abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne na'urar, wadda kowa ya san tana da tsada, ba a ko taɓa ta ba. Wanda ya tsallake ta ya ɗauki yashi, ko dai ya san abin da ke cikin buhun sarai, ko kuma bai san komai ba.

Sawun namijin aka fara bi, don shi ya fi fitowa. Ya zo da nauyi, ya yi dawurwura a gindin bishiya, ya nufi wajen motoci da nauyi, dugadugansa suna nutsewa. Ya tsaya cak a bayan motar Dakta Mu'azzam.

Dakta Mu'azzam likitan haƙori ne, kuma babban aminin Injiniya, irin amintar da ba ta da aiki sai tsiya. Shi ne ya taɓa ce masa in zinare yake nema ya zo asibitinsu ya ga haƙorin Makka iri-iri, ba sai ya shiga ruwa ba. Shi ne kuma ya ce a gaban jama'a wata rana zai zubar da yashin nan a sahara, ya ceci abokinsa daga hauka. Da aka ce ya buɗe bayan mota, ya ce ba zai buɗe ba. Maza suka fara gyaran murya. Injiniya ya kalle shi, shi kuma ya kalli sama yana ɓoye dariya.

Mijina ya ja shi gefe, suka yi ƙus-ƙus, sannan aka sa kowa ya juya baya, aka ɗaga murfin kaɗan. Ni ban juya ba, don ba a ce da mata ba. Batirin sola ne, da dogon takalmin roba na shiga ruwa, an ɗaure su da jan ƙyalle. Tsarabar bankwana ce ya sayo wa mutumin da yake cewa ya haukace. Da farko a bayan kurna ya so ya ɓoye su, da ya ga kayan Injiniya a wurin sai ya mayar mota. Ya kuma tabbatar da cewa shi ne na ƙarshen fita zuwa masallaci, kuma ya bar buhun a wurin.

Malam ya sanar cewa Dakta ba shi da hannu, ya ƙi faɗin dalili. Maza ba su ji daɗi ba, don sun riga sun ɗaura niyyar kama shi.

* * *

Takalmin asibiti kuwa ba sai an bi shi ba. Mu biyu ne muka zo da irinsa, kuma nawa ƙarami ne. Na shiga na sami Hajiya Rekiya zaune ita kaɗai a gefen tabarma, na ce Malam yana neman izinin magana. Da ƙyar ta taso. Ya tsaya a bayan labule, kansa a sunkuye, ya gaishe ta gaisuwar girma, sannan ya ce ya ga ta je gindin kurna, ta kuma daɗe a tsugune.

Ba ta musa ba. Ta ce ta je, ta kwance bakin buhun, ta zura hannu.

"Tunda ya zo da shi ban taɓa yarda na kalle shi ba," in ji ta. "Yau na ce bari in taɓa ƙasar da wataƙila a cikinta za a rufe ni. Na taɓa, na ɗaure, na taso."

Tausayinta ya kama ni ƙwarai. Mu muna ta ɗaukar abin wasa, ashe ita tana can tana lallashin zuciyarta.

Malam ya koma wajen Injiniya, ya nuna masa sawun zuwanta da na komawarta, ya ce nauyinsu ɗaya, ko cokali ba ta ɗauko ba. Na zaci mutumin zai ruga ya ba ta haƙuri. Sai ya tsaya yana shafa gemu. Na san abin da ke ransa, wato ai tana iya aiken wata. Raina ya ɓaci da shi, har na ji da ƙanena ne da na faɗa masa magana.

Saura silifas. Nan aka sami matsala, don silifas ɗin banɗakin istiraha ne, duk matar da ta yi alwala ranar ta saka shi. Malam ya bi shi a hankali. Ya ce mai shi gajeren taku gare ta, tana ɗan jan ƙafar hagu, ta fara zuwa famfo, ta wuce, sannan ta dawo da baya kamar wadda ta hango wani abu. A komawa ta karkata dama, alamar kaya a hannu. Kuma ba ta yi sauri ba, ba ta raɓa katanga ba, ta tsakiyar fili ta bi abinta. Ya ce shi dai bai taɓa ganin ɓarawo mai kwanciyar hankali irin wannan ba. Sawun ya kai bakin ƙofar mata, ya hau siminti, ya ɓace.

"Hindatu," ya ce da ni, "daga nan aikinki ne. Shiga ki duba mini mai jan ƙafar hagu."

* * *

Wanda bai taɓa ganin matan da suka yini zaune a ƙasa sun tashi tafiya ba, shi zai ce wannan aiki ne mai sauƙi. Na tsaya a bakin kicin ina kallon ƙafafu. Duk wadda ta haura arba'in tana ɗingishi, wata hagu, wata dama, wata duka biyun. Har wata ta tambaye ni ko na yar da wani abu ne.

Labari kuma ya riga ya girma. A wajen maza yashi aka sace. Kafin ya tsallako katanga ya zama zinare, kafin ya kai kicin ya zama zinaren da Injiniya ya yi shekaru yana tarawa, wata ma ta ce ita ta ji har da sarƙoƙi. Kowa na tofa albarkacin bakinta, amma ba wadda ta kai Inna Delou zafi. Tsohuwa ce daga Maraɗi, mahaifiyar Bachir, wani ɗalibi maƙwabcinmu a unguwar Nasim. Umara ta zo, ta tsaya ganin jikoki. Tun safe tana bayan kicin ita kaɗai da ɗan murhunta, yanzu kuma ta zauna a bakin ƙofa kan wani ɗan ƙunshi da zaninta ya rufe, da tire cike da soyayyar gyaɗa, tana ba duk mai wucewa tana tsine wa ɓarawo. Ta ce wanda ya yi sata a ƙasa mai tsarki ranar Juma'a, ita ba ta san inda zai sa kansa ba.

Ban samo mai jan ƙafa ba. Na dai tuna mijina bai ci komai ba, na damƙi gyaɗa a gefen mayafi na kai masa. Na same shi zaune a bakin simintin da sawu ya ƙare, ya zabga tagumi. Ya karɓa, ya murza, ya hure, ya watsa a baki. Ya tauna sau biyu ya tsaya. Na ga ya buɗe tafin hannunsa yana kallo.

Ya tambaye ni yaushe rabona da cin gyaɗa irin wannan, wadda ta soyu har ciki ba tabon ƙuna ko ɗaya. Na ce tun a gida. A nan ai a tanda muke gasawa, ko mu soya da gishiri, don yashin Riyad kamar gari yake, ja ne, yana manne wa gyaɗa ya ɓata ta. Suyar gaske sai da yashin rafi mai tsakuwa-tsakuwa. Ina faɗin haka na gane inda ya dosa.

Ya ce in miƙo jakata. Ya kara maɓallinta mai maganaɗisu a tafin hannunsa, sai ga wasu baƙaƙen ƙwayoyi sun yi tsalle sun manne. Duk wanda ya taɓa zama da Injiniya ya sha wannan karatun har ya gaji: baƙin yashi mai bin maganaɗisu shi ne abokin tafiyar zinare, kuma yashin Kwarin Maje cike yake da shi. Malam ya fara dariya, marar sauti, kafaɗunsa suna rawa. Ya tambayi wadda ta soya, na faɗa masa, har da ɗan ƙunshin da na gan ta zaune a kai. Ya ce in tara masa kowa bayan La'asar, in kuma roƙi Inna Delou ta zo da abin da take zaune a kai.

* * *

Aka ɗage labule muka fito fili, maza suka zauna ta wannan gefe, mata ta wancan, kurna a tsakiya. Injiniya yana gaba, fuska a murtuke. Hajiya Rekiya ta zauna can baya, ta juya kai. Malam ya miƙe kamar zai ba da darasi, ya wanke Dakta, ya wanke Hajiya, kowa da hujjarsa a taƙaice. Ya ce tun farko kuskurenmu shi ne muna neman mai son zinare ko mai ƙin zinare, alhali wanda ya ɗauki buhun nan yashi yake so don shi yashi ne.

Sannan ya juya wajen tsohuwa, ya rage tsawo, ya ce Inna, gyaɗar nan ta yau ta tuna masa gida, da me aka soya ta?

Fuskarta ta washe. Ta taso da ƙyar, tana jan ƙafar hagu, rungume da ɗan buhun da ta mayar abin zama.

"Ɗana, kai kaɗai ka lura. Tun da na zo garin ga nike cewa Bachir shi samo mini rairan gulbi, in soya ma jikokina gujjiya ta kirki. Yau na taho ɗibar ruwa, na ishe ya aje mini shi gindin icce, bai ko hwaɗa mini ba. Allah shi yi mai albarka."

Bachir ya miƙe daga cikin maza, ya ce wallahi Inna shi bai ajiye komai ba. Ido duk ya koma kan buhun. Injiniya ya taso kamar mai tafiya cikin barci, ya karɓi buhun, ya kwance, ya zura hannu. Yashin har yanzu da ɗuminsa, yana ƙamshin gyaɗa.

Da aka fahimtar da ita, Inna Delou ba ta nuna ko ɗar ba. Ta ce ita zinare aka ce mata an sace, har da sarƙoƙi, ba wanda ya ce rairai, kuma wane irin mutum ne zai ajiye dukiyarsa a buhun shinkafa kusa da famfo? Sai kuma ta tuna tsinuwar da ta yini tana yi, ta dafe ƙirji ta ce a taya ta janye ta tun ba ta iso ba. Nan fa dariya ta ɓarke, ta maza da ta mata ta haɗu. Dakta Mu'azzam ya ce tunda kowa ya ci gyaɗar, a jera mu a bi cikinmu da na'ura. Wata ta tambaya ko wuta ta cinye zinaren, Injiniya ya ce wutar murhu ba ta yi masa komai. Ya faɗa ne ba tare da ya ɗago ba, don shi kaɗai ne ba ya dariya, shi da matarsa.

Ya ajiye buhun. Ya taka har iyakar inda maza ke tsayawa, ya cire hula, abin da ban taɓa ganin ya yi a cikin mutane ba.

"Hajiya, a gaban jama'a na zarge ki, a gaban jama'a nake roƙon ki yafe mini. Ba za a wanke komai ba. Inna ta riƙe yashinta. Zariya za mu."

Muka zuba mata ido. Ta miƙe, ta gyara mayafi, ta ratso ta tsakiyarmu ba ta kalle shi ba. Ta ce alkawari a gaban mutane aka yi shi, a gaban mutane za a cika shi. Ya miƙa mata koren farantinsa, ta ture, ta ce a aro mata ƙwaryar furar Inna. Ta ce ita tun tana 'yar yarinya take rege shinkafa tana raba ta da tsakuwa, in abin mai nauyi ya zauna a ƙasa ne, ba ta ga abin da zai gagare ta ba.

Ta tsuguna a bakin famfo, ta juya wa jama'a baya saboda rana. Ni ke zuba mata ruwa da buta. Ta juye yashin, ɓawon gyaɗa ya taso ta kwashe. Ta fara juya ƙwaryar, tana girgizawa, tana karkatawa, farin yashi yana zubewa ta baki kaɗan-kaɗan. Injiniya ya buɗe baki zai gyara mata, ya ga hannunta ya fi nasa, ya rufe. Ƙwarya bayan ƙwarya, har abin da ya rage bai fi cikin cokali ba, baƙi wuluk. Ta ɗiga ruwa, ta kaɗa shi sau ɗaya a hankali, baƙin ya ja baya.

Suna nan a gindin ƙwaryar, 'yan ɗigo rawaya, ƙwayar gero ma ta fi su girma. Daga ni sai ita muke ganinsu. Na ga hannunta ya tsaya, ruwan yana lilo a bakin ƙwarya, ga magudana a ƙarƙashi. Ta ɗago ta kalle ni, ni kuma na gane abin da ke ranta, don na san jikokinta, na san hotunansu da take nuna mana a wajen aiki.

Ta daidaita ƙwaryar, ta miƙe, ta kai masa har gabansa.

"Ga zinarenka, Alhaji. Da na karkata hannu kaɗan, da Zariya za mu, kuma ba mai sani har abada. Ka duba da kyau, ka san wadda ka aura."

Mata suka rangaɗa guɗa, Dakta ya ruga mota ɗauko tsarabarsa, Inna Delou tana tambayar wa zai biya ta rairanta da aka zubar. Hajiya Rekiya ta ɗaga murya a cikin hayaniyar ta ce sai dai fa a nemi fili kusa da hanya, da ɗaki babba na baƙi, don jikokinta ba za su hau dutse da ƙafa ba. Injiniya ya ce to, ya sake cewa to. Ƙwaryar tana hannunsa, hawaye na bin gemunsa, kuma har aka kira mu cin abinci bai leƙa cikinta ba, matarsa yake kallo.